Babin Ƙarshe Yana Hannun Oga Pius

Asabar, 24 ga Satumba 1966, bayan la'asar

Har yau takardar kama aiki ba ta zo daga Kaduna ba. Na je gidan waya, na dawo hannu biyu. Inno ta ce tun da na dawo daga Zariya da digiri ba ta ga abin da ya ƙaru a gidan nan ba sai cin tuwo. "Mijin banza," in ji ta, "an kai ka karatu ka dawo kana gadin inuwa." Kakata ce, tana da iko. Na ce zan sake ta in auro mai haƙori.

Na biya shagon Oga Pius a bayan kasuwa, na ari littafin Turanci irin na binciken kisan kai. A wani ƙaramin ƙauye ne. An zuba wa wani tsohon marubucin waƙoƙi guba a shayi, ranar da ƙungiyar masu karatu ta taru a gidansa. Mai binciken ba 'yar sanda ba ce, wata gwauruwa ce mai ɗinke tsofaffin littattafai.

Oga Pius yana da dokarsa. Duk littafi irin wannan yakan sa reza ya yanke babin ƙarshe, ya ɗaure da jan zare, ya ajiye a gwangwanin biskit a ƙarƙashin kanta. In ka gama karantawa sai ka dawo shago, ka faɗi wanda kake zargi a gabansa, sannan ya ba ka babin ka karanta a kan bencinsa. Ya ce ta haka ne kawai littattafansa ke dawowa gida.

"Malam Digiri," ya ce da ni, "wancan karon ka ce mai lambu ne, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Me suke koya muku ne a Zariya?"

Matarsa, Madam Modesta, tana suyar ƙosai a bakin shago. Ta ƙara mini biyu a kan na Inno. Ta ce tun watan jiya sun tura yara gida kudu wurin kakarsu, don maganganun da ake ji a rediyo ba su yi mata daɗi ba. Oga Pius ya ce, "A Jos aka haife ni, a nan Yerwa na yi furfura. Ina za ni?"

Alhamis, 29 ga Satumba, da hantsi

Kasuwa ta watse tun ba ta ci ba. Inno ta ce kada in fita.

Juma'a, 30 ga Satumba, bayan magariba

Hayaƙi ta gefen kasuwa. Wannan na gani da idona. Sauran ji na yi, kuma ba zan rubuta abin da ban gani ba.

Mun yi baƙuwa. Ta shigo ta ƙofar baya da takalmi ƙafa ɗaya, zanenta yana ƙanshin man suya. Inno ba ta tambaye ta komai ba, ta ja hannunta zuwa ɗakin da take haɗa turaren wuta na sayarwa, ta saki labule. Ba zan rubuta sunan baƙuwar a nan ba. Littafi yana iya faɗawa hannun kowa.

Mijinta ne ya ce ta bi ta lungu ta zo unguwarmu Mafoni wurin Inno, shi zai kulle shago ya biyo ta. Bai iso ba.

Asabar, 1 ga Oktoba, da safe

Bai iso ba.

Lahadi, 2 ga Oktoba, bayan la'asar

Baƙuwar ba ta ci ba, ba ta magana, tana jan 'yar carbinta mai gicciye a ƙarƙashin mayafi. Inno ta gaji da lallashi, ta kira ni.

"Kai, ɗauko littafin nan da kake ta rungumewa kamar amarya. Zauna nan bakin labule ka juya mana shi da Hausa."

Na ce, "Inno, labarin kisan kai ne fa. Ba lokacinsa ba ne."

"Na tambaye ka lokaci? Karanta."

Na karanta. Ina juyawa a hankali, don ba na son in ƙara ko in rage. Inno tana katse ni. "Wane irin gari ne wannan? Mutum na kwance a mace suna neman sukari?" Da gwauruwar ta fara zagaya gidaje tana tambayoyi sai ta ce, "Ita wannan ba ta da abin yi ne? Da a Mafoni ne da tuni an watsa mata ruwan wanke-wanke."

Daga bayan labule na ji wani abu da ya yi kama da dariya. Ban gani ba. Amma kwanon da aka fito da shi daga baya ya ragu.

A cikin littafin mutum ɗaya ne ya mutu, gari duka ya ajiye aikinsa yana tambayar wa ya yi.

Zan tsaya nan.

Talata, 4 ga Oktoba, da azahar

Gari ya ɗan lafa. Na ce wa Inno gidan waya za ni, na kuma je gidan wayan da gaske don kada maganata ta zama ƙarya, sannan na biya bayan kasuwa.

Ƙofar shagon babu. An kwashe fitilu da alƙaluma da littattafan rubutu, duk abin da zai sayu. Littattafan karatu kuwa an watsar, an tattaka su cikin laka. Benci ya karye ƙafa ɗaya. Kaskon suya yana kife a kwata. Na duba ƙasa, na duba bango, na sake dubawa. Ban ga abin da nake tsoron gani ba. Wannan ba hujja ba ce, amma na rubuta shi.

Gwangwanin biskit ba ya nan.

Tun a hanya nake juya wannan. Wanda ya shigo ɗiban kaya zai ɗauki gwangwani, zai zaci akwai wani abu a ciki. Amma zai buɗe nan take, in ya ga takardu ya zubar. Na tsince takardun da ke cikin shagon da na lungun har bakin kwata, ɗaya bayan ɗaya. Babu ko guda mai jan zare. Wanda ya ɗauki gwangwanin ya tafi da shi har abin da ke ciki. Mutum ɗaya na sani a garin nan da zai gudu ya bar fitila ya ɗauki ƙarshen labarai.

Na gaya wa Inno. Ta ce, "Ka zama gwauruwar ke nan. Saura ɗinki."

Ban gaya wa baƙuwar ba. Zato ne. Ba na son in ba ta zato ta rataya ranta a kai.

Laraba, 5 ga Oktoba, da yamma

Maikuɗi maƙwabcinmu, mai sayar da fata, ya tare ni a ƙofar gida. "Malam Nuraddeen, kwana biyu ina jin kana ta zuba labari a cikin gida. Tsohuwa ce ta shiga makaranta?" Na ce ita ta sa ni. Gaskiya ne. Ya daɗe yana kallon takalmin Inno da ke bakin zaure, da na baƙuwar, ƙafa ɗaya, kusa da shi.

Na shigar da takalman.

Alhamis, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun kai rabin littafin. Mutum uku ake zargi: likitan ƙauyen, da ƙanwar mamacin, da mai buga littattafansa, wanda rubutun waƙoƙin ƙarshe ya ɓace a hannunsa.

Inno ta ce ƙanwar ce. "Kuka ya yi mata yawa. Na je makoki ya fi gashin kanka, na san kukan gaskiya."

Na ce likita ne, shi ya san guba.

Daga bayan labule baƙuwar ta yi magana, doguwar maganarta ta farko tun zuwanta. "Mama, mai buga littafin ne. Na zauna da mai sayar da littafi, na san abin da takarda ke sa mutum ya yi." Suka yi ta musu da Inno har aka kira la'asar. Na tambaye ta ko ta san ƙarshen. Ta ce ko ita ba ya gaya mata. "Wai sai na faɗi nawa tukuna. Ni matarsa!"



Juma'a, 7 ga Oktoba, da safe

Na buɗe zaure na tarar da doya biyu da kwalbar manja a bayan ƙyaure. Mu ba ma cin doya a gidan nan, duk unguwa ta sani. Maikuɗi yana zaune a ƙofarsa yana jan carbi, ya ɗaga mini hannu, ya mai da kansa gefe.

Na kwana biyu ina zargin mutumin nan. Ashe har a wajen littafi ban iya zargi ba.

Lahadi, 9 ga Oktoba, da azahar

Umara ya zo. Direban babbar mota ne, ɗan ƙawar Inno, shi ke kai mata turare Gamborun Ngala ya dawo da kifi banda. Suka yi ta gaisuwar wushe-wushe da Barbarci, sannan Inno ta rage murya. Ya ce zai iya. Mace cikin lafaya a gaban mota, a ce gwaggonsa ce mai ciwon haƙori, ba mai ɗaga mata mayafi. Daga Gamboru kogi kawai za a haye a shiga ƙasar Kamaru, daga can mutane suna samun motocin da ke gangarawa kudu har gida.

Baƙuwar ta ce ba za ta ba.

"In na tafi ya zo nan fa? In yana kwance wani wuri cikin garin nan fa? Me zan ce wa 'yata Adaeze in ta tambaye ni babanta?"

Inno ta ja ni zaure. "Ka ce mata an gan shi a Gamboru. Ni na gaya mata, ta ce sai ta ji daga bakinka, wai kai ko kana so ba ka iya ƙarya ba."

Na ce ban gani ba, kuma ban ji daga wanda ya gani ba.

"Gidan nan ba zai ɓoye ta har abada ba, Nuraddeen. Yau doya ce a bayan ƙyaure. Gobe ba ka san me za ka tarar ba."

Ba ta ce mijina ba. Sunana ta kira. Na san tana da gaskiya, amma bakina ya ƙi.

Litinin, 10 ga Oktoba, da hantsi

Na sami Umara a tasha yana ɗaure kaya. Na tambaye shi mutanen da suka haye kogi. Ya ce suna nan jibge a harabar wata coci a hayin can, suna jiran mota. Na ce ya tambayo mini mutum. Ya girgiza kai. "Malam, a wannan lokaci wa zai amsa sunansa ga baƙon direba? Kuma takarda ba na ɗauka."

To ko da ya kawo mini "an gan shi", me zan yi da ita? Kowa yana da "an gan shi" a bakinsa yanzu. Ina son amsar da mutum ɗaya ne kawai zai iya bayarwa.

Na ce ya shiga harabar ya ɗaga murya ya ce: Malam Digiri ya ce likita ne ya zuba guba a shayi.

Ya ajiye igiya ya dube ni. "Ni Umara, da gemuna, in tsaya cikin mutane in ce likita ne? Wane likita? Za su ce rana ta taɓa ni."

Na ce ya faɗa kawai. Wanda ya amsa, ya riƙe amsar kalma da kalma, kada ya gyara. Sannan shi kaɗai zai gaya wa cewa mai ƙosai tana lafiya, tana wurin mai turare.

Ya sa na maimaita har ya haddace. Ya ce ilimin boko bai yi mini daɗi ba. Ya tafi.

Laraba, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Mun iso inda reza ta bi. Gwauruwar ta tara kowa a ɗakin karatun mamacin, ta ajiye allurarta, ta ce ta san wanda ya yi. Daga nan sai bango.

Inno ta karɓi littafin ta jujjuya, ta leƙa bayansa. "Shi ke nan? Wannan mutumin Allah ya shirye shi! Bari ya dawo, sai na ja kunnensa."

Bari ya dawo. Haka ta ce, ba wanda ya gyara mata.

Alhamis, 13 ga Oktoba, da yamma

An yi ruwa ta gabas. An ce motoci sun kafe a laka bayan Dikwa. Ji na yi.

Asabar, 15 ga Oktoba, da safe

Babu Umara. Inno ba ta tsokane ni ba tun ranar Lahadi. Tuwo kawai take ajiye mini.

Lahadi, 16 ga Oktoba, da azahar

Wasu sun tsaya a bakin layinmu suna tambaya. Ban san me suke tambaya ba. Maikuɗi ya shimfiɗa fatunsa a ƙofar gidanmu ya zauna a kai yana ciniki da kansa har suka wuce.

In wani abu ya same ta a gidan nan saboda na ƙi faɗin kalma uku

Ba zan ƙarasa ba.

Talata, 18 ga Oktoba, bayan la'asar

Umara ya dawo, laka har gwiwa. Bai zauna ba ya fara.

"Na faɗa. Sau biyu na faɗa, suna kallona kamar mahaukaci. Sai wani mai tabarau ɗaure da zare ya taso daga gindin bango, rungume da gwangwani. Ya ce in sake faɗa. Na sake. Malam, dariya ya yi har ya zauna a ƙasa. Ya ce, ka gaya wa Malam Digiri ya sake faɗuwa. Likita ya shigo da hula a jiƙe, ruwa kuwa bai sauko ba sai da aka kwashe kofuna. Ya koma babi na uku ya karanta da ido biyu."

Na bar shi tsaye na ruga ɗaki. Babi na uku. Ana kwashe kofuna aka fara yayyafi. Shafi na gaba likita ya shigo yana kakkaɓe hularsa. Ashe an gama shan shayin kafin ya iso. Ni na karanta wannan da bakina, na juya shi da Hausa, ban lura ba.

Umara bai iya Turanci ba. Bai taɓa ganin littafin nan ba.

Na dawo na tambaye shi saƙo na biyu. Ya ce mutumin ya buɗe baki zai yi tambaya, ya kasa. "Sai na gaya masa na mai ƙosai. Ya kife fuskarsa a kan gwangwanin. Na ba shi wuri." Ya ce mota ta zo ranar, mutumin ya ƙi shiga, ya ce yana jiran wata.

Na je bakin labule. Na yi sallama.

"Madam, yana raye. Yana hayin Gamboru yana jiran ki."

"Ka gani?"

"Ban gan shi ba. Amma na aika masa cewa likita ne, ya ce na faɗi jarrabawa, kuma na duba, na faɗi ɗin."

Ta ɗaga labulen da kanta. Tana kuka tana dariya. "Shi ne," ta ce. "Wallahi shi ne. Duniya na ƙonewa yana gyara wa mutane karatu."

Inno ta goge ido da bakin zane ta harare ni. "Digiri guda, hula ta kayar da kai. Ni dai na yi asarar miji."

Alhamis, 20 ga Oktoba, da hantsi

Sun tafi bayan asuba. Inno ta naɗa mata lafayarta mai ruwan goro, ta turara ta har sai da na yi atishawa, ta ɗaure mata haɓa da ƙyalle kamar mai ciwon haƙori. Ta koya mata nishi. Nishin farko bai yi ba, Inno ta ce kamar akuya, a sake.

A zaure ta riƙe hannun Inno ta ce, "Mama." Inno ta ce, "Tafi, 'yata, kada ki sa ni abin kunya a gaban wannan yaron. Ki ce wa mijinki ƙanwar ce, ya aiko mini da takarduna."

Na miƙa mata littafin ta mayar masa. Ta ƙi karɓa. Ta ce aro na yi, ni zan mayar.

Maikuɗi yana ta shara a ƙofarsa, bayansa gare mu, har motar ta sha kwana.

Juma'a, 21 ga Oktoba, da yamma

Inno ta shiga ɗakin turare ta daɗe. Ta fito da takalmi ƙafa ɗaya, ta wanke, ta ajiye a kan randa.

Talata, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

Takardar Kaduna ta zo. Koyarwa, nan cikin gari. Inno ta ce a ƙarshe za ta ci gumin mijinta kafin haƙoran da suka rage su zube.

Umara ma ya dawo. Ya haye da ita da kansa, ya ga haɗuwarsu da idonsa, ya kuma ga sun shiga motar kudu tare, gwangwani a kan cinya. Ni ban gani ba. Na yarda.

Inno ta miƙa hannu. "Ina takarduna?"

Umara ya sosa ƙeya. "Ya hana. Ya ce a gaishe da Mama, amma doka doka ce. A shago ake faɗa, a kan benci ake karantawa. Ya ce Malam ya riƙe littafin da kyau, kada ya naɗe masa shafi, sai ya dawo."

Inno ta zage shi da Hausa, ta ƙara da Barbarci, tana murmushi.

Da rana ta yi sanyi na je bayan kasuwa na ɗauko bencin a ka. Maikuɗi ya san wani kafinta a unguwar Gwange. Na sa littafin cikin akwatina, a ƙarƙashin takardar digiri. Na sake karanta babi na uku, kuma ina jin yanzu na san wanda ya yi, amma ba zan rubuta a nan ba. A gabansa zan faɗa.

Modesta. Sunan baƙuwarmu Modesta. Yanzu ina iya rubutawa.